Sammacin Da Hadi Ya Kawo Guangzhou

Ranar Litinin ɗin da Hadi ya sauka Guangzhou, ko ruwa bai sha ba ya fara shari'a. Ina tsaye a kan tukunyar miyar kuka, a ɗakin da nake sayar da abinci a hawa na tara, can bayan ginin Tianxiu, ya turo ƙofa da wata farar ambulan rungume a ƙirji. Ɗan yayana ne, ni na goya shi, don haka na san bakinsa tun kafin ya yi haƙori.

"Goggo Barira, ina ofishin Alhaji Abdulbaƙi mai kayan yara?"

"Sannu da zuwa dai tukuna. Ya ka baro su?"

"Lafiya lau. Ba gaisuwa ta kawo ni ba, Goggo, aikin hukuma ne."

Hukuma! Mutumin da caja da murfin waya ya zo sari. Duk hukumar da Hadi ya taɓa yi a duniya ita ce wata huɗu da ya yi yana masinja a wata kotu a Kano, shekara tara da ta wuce, kafin a sallame shi saboda ya kai sammacin rabon gado gidan suna. Amma tun daga nan in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya rubuta dokar ƙasa.

Maganar da ke cikin ambulan ɗin kuwa ba ta dariya ba ce. Ƙanwarsa Firdausi, mijinta ya rasu bara ya bar ta da yara uku. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya ba ta gidan da suke ciki a Rijiyar Lemo kyauta, a gaban shaidu biyu. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Ɗayan shi ne Alhaji Abdulbaƙi, aminin mamacin, wanda ya fi shekara goma yana zaune a nan. Yanzu 'yan'uwan miji sun ce ba su san da wata kyauta ba, gida gado ne, a sayar a raba. Alƙali ya sa ranar Litinin mai zuwa, ya ce zama na ƙarshe ne: ko shaida ya tsaya a gabansa, ko a raba gida. Ita kuma Firdausi kunya ta hana ta ɗaga waya ta kira aminin mijinta da bakinta. Da kotu ta rubuta takardar kiran shaida, lauya ya ce mata gaskiya takardar ba ta da haƙori a wajen Najeriya. Hadi na zaune a wurin. Ya ce lauyan bai san aiki ba, a ba shi.

"To ai da sauƙi," na ce. "Alhaji a nan yake cin abincin rana. Gobe in ya zo..."

"Goggo, ki tsaya a kan tuwonki." Ya ɗaga mini hannu, ni, a ɗakina. "Ke kin san yadda sammaci yake tsallaka iyaka? Ko Kaduna za a kai shi daga Kano, sai an buga masa hatimi a baya sannan ya ci mutum. Hatimi shi ne komai. Ƙasar nan kuwa na ji labari, ko kaza za ka saya sai an buga jan hatimi. In na samo masa jan hatimin China, wallahi Alhaji ko yana so ko ba ya so, da ƙafarsa zai hau jirgi."

Ramadan na zaune a lungu yana cin waake, shinkafa da wake irin ta Ghana. Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, shi ke yi wa rabin 'yan Kano lodin kwantena, kuma ba ya ganin abin tsokana ya wuce.

"Massa," ya ce, "hatimi nawa kake nema?"

"Ko ɗaya ya isa. Amma in sun yi yawa sun fi ƙarfi."

"Ai ni ma ina da shi. Ja wur."

Ya zaro hatimin kamfaninsa daga jaka, ya hura masa iska, ya danna a bayan takardar kotu. Hadi ya ɗaga ta sama yana kallon rubutun Sinanci, fuskarsa ta cika da annuri. Na ce Ramadan ka ji tsoron Allah. Ya ce ai taimakon shari'a yake yi.

Washegari tun da safe Hadi ya sa babbar riga, a zafin Guangzhou da ko singileti nauyi take yi, ya shiga Tianxiu shago shago. Sinancinsa kalma uku ne: nihau, sheshe, lawban, wato sannu, na gode, maigida. Yana shiga sai ya ce, "Nihau, lawban," ya shimfiɗa takarda a kan kanta, ya dunƙule hannu ya riƙa dukan tafinsa, dum dum. Mai sayar da gashin kanti ta ce, "Meyo," wato babu, ta kore shi da tsintsiya. Mai hoton kwafi ta ɗauka rasit yake so, ta buga masa. Mai taliyar Musulmin China da ke bakin titi ya buga masa biyu, don ya sayi kwano biyu. Wani mai sayar da kofunan tangaram ya buga masa wani dogo mai hoton kofi a tsakiya, Hadi ya ce wannan da gani na babban ofis ne.

Da a ce bakinsa shiru ya yi wannan yawon, da da sauƙi. Ina! Duk Bahaushen da ya gamu da shi a lif sai ya buɗe ambulan ya nuna masa gefen tambarin kotu, ya rufe da sauri.

"Takardar wa ce, Malam?"

"Sirrin kotu ne. Amma akwai wani Abdulbaƙi a garin nan da kwanansa ya ƙare."

Kun san mutanenmu. A hawa na ɗaya takardar kotu ce. Kafin ta kai hawa na huɗu ta zama takardar kamu. Da la'asar wata mai sarin atamfa ta shigo wurina tana haki, ta ce wai na ji an turo jami'in 'yan sandan ƙasa da ƙasa daga Abuja, baƙi, mai babbar riga, yana neman Abdulbaƙi a kan maganar kwantena? Na ce jami'in nan ni na raine shi tun yana tsumma, ɗan yayana ne. Ta ce ai haka suke shigar burtu.

Abdulbaƙi uku ne a unguwar. Kafin magariba duk ukun sun ɓace. Ɗaya ya hau jirgin ƙasa ya yi Yiwu. Ɗaya ya aske gemu. Namu kuwa, Alhaji, dattijon da ko tururuwa ba ya takawa, ya rufe ofis, ya kashe waya, ya shige inda ba wanda ya sani. Na kira shi ya fi sau ashirin. Na aika gidansa, maƙwabcinsa ya ce bai san wani mai wannan suna ba, alhali tare suke sallah shekara shida.

Na tare Hadi a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Kai, ka ga abin da ka yi? Ka kori shaidan ƙanwarka!"

"Goggo, wannan ai alamar nasara ce. Takarda ta fara ci. Kin taɓa ganin an gudu daga takardar da ba ta da ƙarfi?"

"Litinin fa, Hadi. Gidan marayu."

"Ki sa ido kawai. A kotu muna da hanya uku. In an samu mutum, a sa masa a hannu. In ya ɓuya, a liƙa a ƙofarsa. In ya gagara, a zo da ɗan sanda. Ni duk na iya."

Ranar Laraba ya fara da hanya ta ɗaya. Wani ya ce masa an hango Alhaji a kasuwar tufafi ta Baima. Hadi bai san fuskarsa ba, rabonsa da shi tun ɗaurin auren Firdausi, sai wani tsohon hoto a waya da aka ɗauka daga nesa. Ya shiga kasuwa yana duba hoto yana duba mutane. Can ya hango wani dogon dattijo mai farin gilashi yana taya wandunan yara. Ya laɓaɓa ta baya, ya daka tsalle, ya cusa masa takarda a hammata.

"Da sunan kotu! Ta taɓa jikinka, ka karɓa!"

Dattijon ya juyo. Mutumin Maraɗi ne. Ya fara da Faransanci, ya ga bai isa ba ya dawo Hausa, ya bi Hadi da kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya naɗe wandon yaro ya shiga tsula masa a ka. Masu shago suka fito da wayoyi suna ɗauka. Hadi ya dawo da hula a hannu, ya ce mini wannan gwaji ne kawai, yana so ya ga yadda takardar ke aiki a jikin mutum.

Ranar Alhamis sai hanya ta biyu. Ya sayi salatif mai faɗi ya tafi ofishin Alhaji. Ƙofar gilashi ce, ya ce mai shara za ta ɓalle, gara ya liƙa a kan manyan kwalayen da ke jibge a bakin ƙofar, tunda kayan Alhaji ne, dole ya gani. Ya liƙa ta gefe huɗu, ya ja baya ya ɗauki hoto, ya tafi bayan gida. Ya dawo ya tarar da wuri fes. Masu turin kaya sun kwashe kwalayen zuwa sito.

Aka ga jami'in ƙasa da ƙasa a guje a titin Xiaobei, babbar riga na tashi, takalmi ɗaya a ƙafa, yana bin baro yana ihu, "Lawban! Lawban! Sheshe!" Don ba shi da kalmar tsaya. Mai baro ya ji ana yi masa godiya, ya ɗaga hannu ya ƙara wuta. Sai a bakin siton Ramadan ya cim masa, lokacin har ma'aikatan sito sun buga wa takardar nasu hatimin, sun rubuta mata lamba da baƙin alƙalami. Saura ƙiris ta shiga kwantena ta kama hanyar Legas, ta isa bayan wata biyu.

"Massa," in ji Ramadan, yana share hawayen dariya, "da ka bar shi. Ai da ya koma kotu da kansa."

"Goma sha ɗaya ke nan," Hadi ya ce, yana ƙirga jajayen tambura yana haki. "Yanzu ko gwamnan garin nan bai isa ya ƙi ta ba."

Ni dai a ranar ban iya cin abinci ba. Firdausi ta turo mini saƙon murya, ta ce Goggo, ƙannen mijina sun zo jiya da wani dillali, har da awon tsakar gida, ɗana Huzaifa yana tambayata ko tashi za mu yi. Na saurara sau uku. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin kaina da ban ƙwace ambulan ɗin tun ranar farko ba.

Ranar Juma'a Allah ya taimake ni. Duk ɓuyan Alhaji ba zai bar Juma'a ba, kuma kwana uku yana kwance a siton wani abokinsa a Liwan yana cin biskit da ruwan zafi. Bayan an sauko sai ga shi ya shigo ɗakina, hular sanyi har gira, takunkumi a baki, ya zauna a bayan firji. Ɗakin cike yake maƙil, mutum ya fi ashirin.

"Hajiya," ya ce da raɗa, "tuwo. Malmala uku. Kada ki ambaci sunana."

Na zuba masa da hannuna, na ja kujera na zauna. "Alhaji, kwantar da hankalinka. Maganar takardar nan..."

Ƙofa ta buɗe, bam.

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Hadi ne. A bayansa wani Basine sanye da kaki, da hula mai baki, da ƙaramar rediyo a kafaɗa.

Jama'a, ban taɓa ganin tashin alƙiyama irin wannan ba. A garin da rabin masu cin tuwona ke lissafin kwanakin biza da yatsu, ka shigo musu da mai kaki? Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mutum huɗu suka shige banɗaki ɗaya suka sa sakata. Wani ya faɗa ƙarƙashin tebur da kwanonsa. Mai sarin atamfa ta lulluɓa da labule ta tsaya cik, ƙafafunta a waje. Wani ƙato ya yi kicin, ya yi karo da tukunyar miyar taushe, ta kife, ta bi ƙasa har bakin ƙofa. Miyar da na tashi tun asuba na haɗa!

Mai kakin ya tsaya yana ƙifta ido. Ni na san shi sarai. Mai gadin ƙofar gininmu ne, kullum sai na aika masa da soyayyen nama. Hadi ya yi ta yi masa nuni da hannu yana jan rigarsa, bawan Allah ya ɗauka famfo ne ya fashe. Har da sifana a hannunsa.

Alhaji bai gudu ba, yana nan a bayan firji. Hadi ya taka miya, ya zame, ya dafe firji, ya ga mutum a baya. Ya duba waya, ya duba gira.

"Alhaji Abdulbaƙi Mas'udu! Da sunan kotu, da amincewar hukumomin China goma sha ɗaya!" Ya manna masa takarda a ƙirji.

Alhaji ya sauke takunkumi. Ya sa gilashi. Ya karanta, ya sake karantawa. 

"Shaida?" ya ce. "Shaidar gidan Firdausi?"

"Ƙwarai. Kuma dole."

Ramadan, wanda shi kaɗai bai motsa daga kan waakensa ba, ya miƙa hannu ya zare takardar, ya juya bayanta. Shekara goma sha biyu yana lodi a garin, yana karanta abin da ya shafi sana'arsa.

"Jama'a ku fito ku ji hukumomin China," ya ce. "Na ɗaya, ni. Na biyu, an biya kuɗin kwafi. Na uku da na huɗu, taliya da naman sa, halal. Wannan dogon, a yi hankali, abin fashewa ne. Wannan, kaya in sun fita ba a dawo da su. Na ƙarshe, kilo arba'in da biyu, Legas."

Banɗaki ya buɗe, dariya ta fito kafin mutanen. Labule ya kama rawa. Har mai gadi, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ga kowa na yi ya kama.

Alhaji ne kawai bai yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda ninke, ya ajiye a kan tebur.

"Karanta wannan, mai hukuma."

Hadi ya ɗauka. Tikitin jirgi ne, Guangzhou zuwa Kano.

"Duba rana."

"Alhamis," in ji Hadi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Jiya."

"Jiya. Mako biyu ke nan da iyalina ta gaya mini abin da ake yi wa yarinyar nan. Ni na riƙe hannun mijinta a asibiti. Kana tsammani sai an aiko mini da takarda? Na yanki tikiti na yi shiru, don ba abin talla ba ne. Sai aka ce an turo jami'i yana nemana, in na je filin jirgi a can za a damƙe ni. Ina kwance a kan kwali jirgina ya tashi."

Ba wanda ya ƙara dariya. Ni kam ji na yi kamar in ɗauki tukunyar da ta rage in kifa wa ɗan yayana.

Daidai nan wayar Hadi ta yi ƙara. Ya duba, ya kasa ɗauka. Na fizge na danna, na buɗe murya kowa ya ji.

"Yaya Hadi? Ka samu Alhajin? Ya ce zai zo?" Ana jin yara a bayanta. "Yaya, kana ji na?"

Shekara talatin da takwas na san Hadi, ban taɓa ganin an yi masa tambaya ya rasa amsa ba sai ranar.  Ido ya kawo ruwa.

Alhaji ya karɓi wayar. "Firdausi, ni ne. Ki yi haƙuri, ki ba mu awa ɗaya." Ya kashe.

Ramadan ya riga ya kira mai yankan tikiti. Kujera ɗaya ta rage a jirgin Asabar, mai sauka Kano ranar Lahadi da yamma, kuma a gaban jirgi take, wurin manya, kuɗinta ya ninka na baya sau uku. Alhaji ya ce shi jarinsa na cikin kwalayen da aka loda jiya. Duk ɗakin aka juya aka kalli mutum ɗaya.

"Kuɗin caja ne fa," Hadi ya ce a hankali. "Duk abin da na zo da shi ke nan."

"Massa," in ji Ramadan, "ai a kotu kuna da hanya ta huɗu."

Hadi ya ɗaga babbar riga, ya kwance ɗamarar da ya ɗaure a ciki tun daga Kano, ya ajiye a kan tebur gaban Alhaji. Sannan na miƙa masa tsumma da bokiti, na nuna masa miyar taushe. Ya durƙusa da babbar rigarsa ya goge, mutum ashirin na ba shi shawarar inda ya tsallake.

Ranar Asabar shi ya ɗauki jakar Alhaji har filin jirgi. Ranar Lahadi ya wanke mini tukwane. Ranar Litinin ya zauna a kicin tun azahar, waya a gabansa, don a lokacin ne gari ke wayewa a Kano, ana shirin shiga kotu.

Sai bayan magariba saƙo ya shigo, kuma a wayata. Ihun yara ne ya fara fitowa, sannan muryar Firdausi, tana kuka tana dariya.

"Goggo, Alhaji ya tsaya, ya rantse, alƙali ya tabbatar mini da gidana. Muna ciki yanzu haka. Ki gaya wa Yaya Hadi na ji abin da ya yi da jarinsa, Allah ya mayar masa da alheri, na gode har abada." Ta ja hanci. "Amma Goggo, don girman Allah, in wata shari'ar ta sake tasowa, kada wanda ya gaya masa."